Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Gine-gine da 'Yan Kwangilar Kano: Ku Sa Ran Lebura a Cikin Lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai, iyayen gidanmu, Allah ya ƙara girma. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni birkila ne. Da kwanon sarki na fara tun ina ɗan saurayi, na koma kwaɓi, na riƙe cokali, yau kuma ni ake damƙa wa ma'aikata a ce ga aiki nan, a kula. Shekara 26 ke nan ina cin abinci a ƙarƙashin inuwarku. Da kuɗin aikinku na yi aure, da shi nake biya wa yara makaranta. Don haka ba raini ne ya sa na ɗauki biro ba. Magana ce da ta daɗe tana cina, kuma a bakin aiki ba ta faɗuwa, domin wanda ya cika faɗin irinta gobe ba a kiransa.

Duk ginin da na taɓa yi, kafin a sari ƙasa sai an zauna a kan takardar lissafi. Buhun siminti kaza, tifar yashi kaza, tsakuwa kaza, rodi mai kaurin milimita 12 da mai 16 kowanne da adadinsa. Ƙusa ma auna ta ake yi. Kuɗin mai gadi yana ciki, kuɗin tankar ruwa yana ciki. Amma da ƙyar nake iya tuna takardar da na ga an ware layi ɗaya a cikinta don hular kwano, ko takalmi, ko katakon da za a kare bakin bene da shi. Komai na ginin yana da farashi a takarda, ban da lafiyar mutumin da zai hau sama ya ɗora shi.

Ga abin da rashin wannan layin ya jawo a gaban idona.

Wata Asabar ce ta zubin dakin, wato kankaren da ake rufe hawan bene da shi, a wani bene da ke bayan gari, shekarun baya. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin zubin dakin ba ba zai gane irin wutar da ake ciki ba. Injin kwaɓi na ruri tun bayan asuba. Yara sun fi 30 suna hawa suna sauka a kan gadar katakon da kafinta ya kafa daga ƙasa zuwa sama, kowa da kwanon kankare a ka, a guje, saboda da buhu aka yi jinga, kuma in aka fara zubi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. Gadar nan falankai ne aka jera a kan gora, aka bubbuga guntayen katako a gicciye don ƙafa ta samu makama. Babu abin dafawa, dama ko hagu. Tun da sassafe na lura da wani falanki can wajen sama mai ido a tsakiyarsa, wanda an riga an yi gini biyu da shi, ruwan siminti ya gama cinsa. Na ce a canza shi. Aka ce mini sabon katakon da ke ajiye na rufi ne, a ƙirge yake, kada wanda ya taɓa. Sai na yi shiru. Da wannan shirun nake kwana nake tashi har yau.

Wajen ƙarfe 11 wani yaro ɗan ci-rani ya taka wurin. Ba zai wuce shekara 19 ba. Silifa ce a ƙafarsa, ɗaya ma da waya aka ɗaure ta. Ƙarar da na ji ba wata mai ƙarfi ba ce, kamar dai an karya kara. Da na waiga, yana kwance rigingine a kan tarin bulo. Idonsa biyu, yana magana sarai. Abin da ya fara tambaya shi ne ina kwanonsa, kada a ce ya ɓatar a cire a kuɗinsa.

Abin da muka yi bayan nan ya fi faɗuwar muni. Mutum huɗu suka kama shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, aka ɗaga shi kamar buhun gero, aka naɗe shi a bayan Adaidaita Sahu, aka bi hanya mai ramuka da shi. A asibiti likita ya tambaye mu yadda muka ɗauko shi. Da muka faɗa masa, ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya ce wanda ake zaton ya ji rauni a baya ko a wuya ba a lanƙwasa shi, ba a zaunar da shi. A kan abu mai faɗi mai tauri ake shimfiɗe shi, ko da ƙyauren ƙofa ne, wani ya riƙe masa kai, wuya da gadon baya su tsaya a miƙe har a isa. Falankin da ke wurin aikinmu ya fi ɗari. Sani ne ba mu da shi, daga ni har kafinta har ɗan kwangilar.

Kafin la'asar an canza falankin, da irin katakon nan da aka ce kada a taɓa, an kuma ƙarasa zubi. Mai ginin ya biya kuɗin asibiti na wasu makonni, ya ba da na mota aka mayar da yaron ƙauyensu. Ba mugun mutum ba ne, na shaide shi da kirki a abubuwa da yawa. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, Allah ya kiyaye gaba. Muka ce amin. Maganar ta mutu a nan. Yaron bai sake taka ƙafarsa ba.

Alhazai, a kan wannan kalma ta ƙaddara nake so mu ɗan tsaya. Na yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi, kamar kowane Musulmi. Amma tun muna makarantar allo muka ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Kuma ku da kanku kuna aiki da wannan karatun kullum. Ban taɓa ganin mai gini ya bar siminti a fili ya ce in an ƙaddara za a sace to za a sace ba. Ɗaki ake ginawa, a sa kwaɗo biyu, a ɗauki mai gadi, a ba shi fitila da sanda. To me ya sa sai a kan ɗan Adam ne kaɗai muke tsallake ɗaurin raƙumi mu wuce kai tsaye zuwa tawakkali? Malaman fiƙihu sun yi magana a kan katangar da ta karkata: in aka gargaɗi mai ita, ya samu halin gyarawa ya ƙi, ta faɗa wa wani, to akwai lamuni a kansa. Falankin nan katanga ce da ta karkata. An yi gargaɗi. Ni da na yi gargaɗin na koma na yi shiru, ban fitar da kaina daga cikin alhakin ba.

Yawancin abin da ke kashe mu gaggawa ce da rage-rage. Kowane injiniya zai gaya muku kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa, musamman a makon farko. Amma sau nawa ake matsa mana mu cire gorar da ta tokare dakin tun bai ƙosa ba, don ana son a kai ta wani aikin, ko a jibge bulo da yashi a kansa tun yana ɗanye? Sau nawa injiniya ke rubuta rodi mai 16 a kawo mai 12, a ce ai duk ƙarfe ne? Sau nawa ake zuba fandishon hawa biyu, in kasuwa ta yi kyau a ce a ƙara na uku? Wanda ya yanke wannan shawarar yana ofis ko yana shago. Wanda ke ƙarƙashin dakin ranar da zai sauko lebura ne.

Ba kullum ba, kuwa. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin kansa. Hukumar kula da gine-gine ta jihar ta ce izinin hawa 15 aka bayar. Tun a 2020 kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takarda ya janye hannunsa. Wato a can ma an yi gargaɗi. Mu nan Kano ba sai an ba mu labarin nesa ba. A ƙarshen watan Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ya rufto da rana tsaka, mutane na hada-hada a ƙasa, aka yi asarar rai, wasu suka jikkata.

Sai dai rushewar bene ita ce ake ji a rediyo. Wadda ba a ji ta fi yawa, ɗaya bayan ɗaya take ɗauka. Mai haƙar sokawe ya nutsa fiye da tsayinsa a ƙasa mai laushi da damina, ba a tokare bangon ramin ba, an kuma tara ƙasar da aka fitar a bakinsa tana danna shi. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya kowane gefe ta fi tan guda nauyi, in ta zubo wa mutum a ƙirji ba ya iya jan numfashi ko da kansa yana waje. Tsohuwar rijiya ko salga kuwa iskar cikinta ce ke kashewa: na farko ya shiga ya sume, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, a fito da gawa biyu. Ga mai ɗaurin rodi da zai ɗaga sanda mai mita 12 a saman bene, babbar wayar lantarki na wucewa dab da shi, alhali irin wannan wutar ba sai an taɓa ta take tsallakowa ba. Ga wayar mai walda da aka haɗa aka naɗe da leda, tana kwance cikin ruwan kwaɓi. Ga rodin ginshiƙi a tsaye tsirara kamar masu, a daidai inda mutum zai faɗo. Ga katako mai ƙusa a warwatse, yaro ya taka da silifa, a ɗiga masa baƙin mai a ce ya ci gaba, ba wanda ya yi zancen allurar sarƙewar haƙora.

Akwai kuma mai ci a hankali. Ku dubi ƙafafun masu zubin dakin da yamma. Ɗanyen siminti yana ƙona fata kamar soda, shi ya sa za ku ga sun naɗe ƙafa da leda da yagaggen buhu, in sun kwance fatar ta yi fari ta tsattsage. Mai yankan tayil da mai fasa dutse suna yini cikin farar ƙura, in an tashi su sha madara wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙurar kuma huhu ta shiga, kuma wadda ta zauna a can ba ta fitowa. Bayan shekaru mutum ya kama tari da haki, a yi ta maganin sanyi. Ɗiga ruwa a bakin injin lokacin yanka da takunkumi na gaske suna rage wannan ƙwarai. Zafin watan Afrilu kuwa, da ke haura digiri 40 a garin nan, ya ishi mai ɗauke da kwano ya ga jiri a kan tsani, balle in ya haɗu da azumi. A irin wannan lokacin a fara da asuba a tashi kafin rana ta take, a kafa rumfa, a ajiye randa. Wannan ba ya cin komai.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za ku ce an sha saya wa ma'aikata hular kwano su ajiye ta su ce zafi, wani ma ya kai ta kasuwa. Haka ne. Akwai mai ganin in ya ɗaura igiya a ƙugu kafin ya hau rufi za a ce masa matsoraci. Akwai yaran da ke haɗiyar Tramadol kafin zubin dakin don kada su ji gajiya, su hau sama ido a rufe. Akwai irina masu kula da aiki da za a ba su kuɗin takalma su sa a aljihu. Ban wanke mu ba. Amma ku tambayi kanku abin da ke sa yaro shan ƙwaya: jingar da aka yi ce ta sa wanda ya fi gudu ya fi samu, wanda ya tsaya shan ruwa a yi masa tsawa. Kuma a wurin gini maganar mai biyan kuɗi ita ce doka. Na yi aiki a ƙarƙashin wani injiniya da ya ce ba hula, ba shiga. Kwana biyu aka yi ana guna-guni, a na uku kowa ya sa abarsa, har mai sayar da shayi a bakin ƙofa ya san dokar. Ranar da Alhaji da kansa ya shigo da hular kwano a kansa, ya tambayi wane ne ya kafa wannan gadar kafin ya tambayi bulo nawa aka ɗora, daga ranar aikin zai canza.

Wani abin da da yawanmu ba su sani ba, ni ma sai da na girma a sana'ar na ji, shi ne doka ta riga ta yi magana. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na abin da yake biyansu a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, don in ma'aikaci ya ji rauni, ko ya naƙasa, ko ya rasu a bakin aiki, a yi masa magani a biya shi ko iyalinsa. Kuma ba ta tsaya ga masu albashi da takardar ɗaukar aiki ba. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da mai aikin yini. Ta ba ma'aikaci ko iyalinsa kwana 14 su sanar da mai aiki, shi kuma kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Tun a dokar inshora ta 2003 aka wajabta yi wa ginin da ya haura hawa biyu inshora yayin da ake gina shi, saboda ma'aikata da masu wucewa. Ta NSITF ɗin nan naira ɗaya ce cikin ɗari, Alhazai. Da an zuba ta a kan yaron nan, da yau ba sadakar 'yan'uwa yake jira ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. A buɗe layi a takardar lissafi, a rubuta masa kuɗinsa kamar yadda ake rubuta na siminti, kuma a hana kowa taɓa shi. Hular kwano ba ta kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba, kuma za ta yi gini da yawa. Takalmin roba da safar hannu ga masu kwaɓi da zubi. Katakon gada da na dandamalin da birkila ke tsayawa a kai ya zama mai lafiya, ba ragowar da aka tsince ba, a buga masa abin dafawa daidai ƙugu, haka bakin bene da ramin matakala. Tsani a ɗaure shi daga sama, ba a ɗora shi a kan ganga ko bulo ba. A samu akwatin magani, a kuma tura ko mutum ɗaya ya koyi taimakon farko, wanda zai iya daka tsawa ya ce kada a ɗaga shi haka. Yaran da ba su kai ba a daina ɗora musu kwano, ko da kuwa sun fi arha.

Sannan a riƙa rubuta sunaye. Wannan ya dame ni ƙwarai. Rabin leburorin da ke aikinku ba wanda ya san sunansu na yanka, da sunan garinsu ake kiransu ko da tsayinsu. Sun zo ci-rani daga ƙauyukan Jigawa, Katsina, wasu daga Damagaram ko Maraɗi, suna kwana a cikin kangon da suke ginawa. A Ikoyi sai da aka buɗe wurin da iyalai za su zo su rubuta sunayen waɗanda ba a gani ba. Mu ma ranar tamu sai da muka yi kwana biyu muna cigiya a tasha kafin mu samu wanda ya san mahaifin yaron. Littafi ɗaya na 'yan makaranta ya isa: suna, gari, lambar wani ɗan'uwa, a cika kowace safiya kafin a raba kwanuka.

Hukumomi irin su KNUPDA mai ba da izinin gini, da COREN ta injiniyoyi, da CORBON ta magina, suna da nasu nauyin, kuma ina fatan duk jami'in da ya zo duba takardar izini ya ɗaga kai ya dubi abin da mutane ke takawa a sama. Amma jami'i sau ɗaya zai zo ya tafi. Ku ne kuke zuwa kullum da yamma, ku ne kuma ake tashi tsaye in motarku ta tsaya. Mai kula da aiki in ya ce muku yau ba za a yi zubi ba sai an gyara gada, ku ba shi wannan yinin, kada ku nemi wani a bayansa. Tsoron a maye gurbina ne ya rufe mini baki a waccan Asabar.

Bara na je ƙauyen su yaron. Na same shi a zaure a kan tabarma, ƙafafun sun shanye, yana saƙar igiya yana sayarwa, mahaifiyarsa ce ke juya shi. Ya gane ni tun daga bakin ƙofa, ya ce, "Baba, an gama gidan nan kuwa?" Na ce an gama, har an tare. Ya ce Allah ya sa albarka.

Aiki na gaba da ɗayanku zai kira ni, zan zo da takardata kamar kullum, sai dai za ku ga ƙarin layi ɗaya a ƙasan na ƙusa. Don girman Allah, in kun zo rage kuɗi kada ku fara da shi.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Wani birkila daga Kano